Kunnen da na zo da shi Damagaram

Aure ne ya kawo ni Damagaram a farkon shekarar 2019, bayan na yi shekara shida ina aikin jinya a Kano. Tafiyar ba ta cin yini guda, ta Daura da Matamaye, kuma da yake Hausa ake yi a nan kamar yadda ake yi a can, na ɗauka babu wani baƙunci da zan yi. Ban daɗe ba na gane kuskurena. A kasuwa sai da na koyi lissafin kuɗin sefa da dala da jika, a gida na koyi tattalin ruwa, sannan a watan Agusta na wannan shekarar Najeriya ta rufe iyakokinta. Amma baƙuncin da ya fi ci mini rai shi ne na wurin aiki, domin a ƙaramin asibitin da aka karɓe ni, baki ne kawai yake Hausa, duk abin da ya hau takarda Faransanci ne.

Na yi watanni ina bin majo, wato shugaban ma'aikatan jinyar asibitin, kamar ɗaliba, ina kallon rubutunsa ba na gane komai, har ranar da ya miƙo mini abin sauraron ƙirji ya ce, "Madam, saurari wannan dattijo ki gaya mini abin da kika ji." Da na ɗora shi a ƙirjin mutumin sai na ji hankalina ya kwanta, domin abin da na ji shi ne abin da na saba ji a Kano. Sautin bugun zuciya da aka koya mana da sunan S1 da S2 shi ne a nan ake rubutawa B1 da B2. Shi kansa abin sauraron ma wani likitan Faransa ne mai suna Laennec ya ƙirƙiro shi a birnin Faris a 1816, kuma majo bai taɓa gajiya da tuna mini haka ba.

Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama biyu a ƙasa, da ƙofofi huɗu waɗanda aikinsu ɗaya ne, wato su bar jini ya wuce gaba su hana shi komawa baya. Ƙofar mitiral tana tsakanin ɗakin sama da na ƙasa a hagu, kuma ita kaɗai ce mai ƙyamare biyu, sauran ukun ƙyamare uku-uku gare su. Takwararta ta dama ita ce tirikusfid. Ragowar biyun suna bakin manyan jijiyoyin da jini ke fita, ɗaya zuwa huhu, ɗaya zuwa awota mai raba jini ga dukan jiki. Ƙofofin nan ba su da ƙarfin kansu, matsin jini ne yake buɗe su yake rufe su, kamar yadda iska ke yi da ƙyauren da ba a sa masa sakata ba. Idan ɗakunan ƙasa suka matse, mitiral da tirikusfid sukan rufe, wannan ne sauti na farko. Idan ɗakunan suka saki, ƙofofin jijiyoyin biyu su rufe, shi ne sauti na biyu, wanda ya fi na farkon gajarta da kaifi. Buɗewar ƙofa lafiyayya ba ta da ƙara. Ana maimaita wannan kusan sau 100,000 a kowace rana.

Abin da ya wuce waɗannan biyun shi ne yake buƙatar kunne. Idan ƙofa ta ƙuntata, ko ta kasa rufewa sosai har jini yana zurarowa baya, gudun jinin yakan hargitse ya ba da wani sauti kamar huci. Ba kowane huci ne ciwon ƙofa ba, kuma wannan darasi damina ce ta sake koya mini shi, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika mana benci da yara masu ƙarancin jini, waɗanda ƙirjinsu ke huci alhali ƙofofinsu lafiya lau. Akwai kuma sauti na uku, mai zuwa jim kaɗan bayan na biyu, wanda ba abin damuwa ba ne ga yaro ko mai ciki, amma ga dattijo ko mai jego mai kumburin ƙafa yana nuna zuciya ta gaji. Likitocin Faransa sun kamanta shi da sukuwar doki, kuma duk wanda ya tsaya a Birni ranar hawan salla ya ji ƙarar kofato a gaban fadar Sarkin Damagaram zai yarda sun yi dacen suna.

A cikin gida ne kunnen nan ya yi mini rana. Surukata tana riƙon wata jikarta mai shekara 15, kuma an yi ittifaƙi cewa yarinyar raguwa ce, domin ba ta iya ɗauko jarkar ruwa daga bakin titi sai ta huta sau biyu ko uku. Ni kuwa na lura da dare ba ta kwanciya sai ta tara matasai a bayanta, tana tari. Na daɗe ina jin nauyin magana, saboda baƙuwa ce ni kuma suruka, har wata rana na durƙusa na ce, "Inna, ku yi haƙuri, ina neman izini in saurari ƙirjin yarinyar nan." Ta dube ni ta ce, "Amarya, ai 'yarki ce, yi abin da kika gani."

Na kwantar da ita a gefenta na hagu, na laluba tsakanin haƙarƙari na biyar da na shida, ƙasan nono, inda tsinin zuciya ke bugawa, na ɗora abin sauraron a hankali ba tare da dannawa ba. Sautin farko ya fito da ƙarfi fiye da kima. Bayan na biyu sai wani ɗan ƙas, sannan gunji mai zurfi ya biyo baya, kamar rugugin hadarin da yake can nesa. Wannan ita ce muryar ƙofar mitiral da ta ƙuntata. Faɗinta ga babban mutum yakan kai murabba'in santimita 4 zuwa 6, kuma idan ya ragu ƙwarai jini yakan taru a baya ya cika huhu, shi ya sa numfashi ke gagara a kwance. Na tambayi Inna ko yarinyar ta taɓa ciwon gaɓoɓi, ta ce ƙwarai, tana ƙarama ta yi zazzaɓi gwiwoyinta suka kumbura, ciwon yana tashi daga wannan gaɓa zuwa waccan, aka ce sanyi ne. Asalinsa ciwon maƙogwaro ne na wata ƙwayar cuta, wanda idan ba a yi maganinsa ba, bayan mako biyu zuwa uku garkuwar jiki kan juya ta afka wa gaɓoɓi da ƙofofin zuciya. Gaɓoɓin sukan warke sarai, amma tabon ƙofa yakan ci gaba da ƙanƙancewa shekara da shekaru.

Takardar da muka kai wa likitan zuciya ni na rubuta ta da hannuna, kuma ita ce ta farko da na yi da Faransanci. Majo ya gyara mini kalma uku. Hoton eko, wato hoton zuciya da ake ɗauka da na'ura, ya tabbatar da abin da na ji. An sa mata maganin rage ruwan jiki da allurar fenisilin duk bayan mako huɗu don kada ciwon ya sake dawowa, aka kuma yi wa mahaifinta bayanin haɗarin ɗaukar ciki kafin a duba ƙofar da kyau, maganar da ta fi kowace nauyi a gidan. An ɗauke mata ɗiban ruwa. Ranar allura ni nake raka ta, kuma Inna ce take riƙe da lissafin kwanakin, tana tuna mana tun ana saura kwana biyu.