Godiyata ga duk wanda ya sa hannu a hotunan bikin nan na karkara

Alhamdulillahi, aiki ya kammala, hotuna sun isa hannun masu su, kuma saƙonnin yabo sai shigowa suke yi. Na ji daɗi ƙwarai, amma ba zan karɓi yabon nan ni kaɗai in yi shiru ba. Ni na riƙe kyamara, gaskiya ne. Sai dai abin da ya burge ku a hotunan, wato fuskoki a sake, dariyar da ba wanda aka ce ya yi, dattawa zaune cikin natsuwa, mutane da yawa ne suka haɗu suka samar da shi. Yaba kyauta tukwici. Na nemi izinin ango da amarya kafin in rubuta wannan, kuma ba zan kama sunan kowa ba. Duk wanda ya ga kansa a ciki ya san da shi nake.

Ango da amarya, da ku zan fara. Ranar da muka zauna tsara aikin, na zo da takarda ina jiran a jero mini irin tsayuwar da aka saba nema: nan a riƙe hannu, can a kalli sama, can a jingina da mota. Sai amarya ta ce ita dai burinta, in ta buɗe kundin nan bayan shekaru, ta ga ranar yadda ta kasance, ta ga wa ya zo, wa ya zauna kusa da wa, wa ya share hawaye. Ango kuma ya ce in yi aikina, kada a tsayar da biki saboda hoto. Maganar nan taku ce ta sauƙaƙa komai. Da ita na samu damar ja da baya, in sa wa kyamara dogon gilashi mai jawo nesa kusa, mai milimita 85, wani lokaci mai 135, in tsaya inda jama'a za su manta da ni. Mutum in ya san kyamara na kallonsa, kafaɗunsa sukan ɗage, murmushinsa ya bushe. In ya manta, sai ka samu fuskar da 'yan gidansu suka sani.

Abu ɗaya na roƙa, kuka kuma ba ni ba tare da gardama ba: sa'ar ƙarshe kafin faɗuwar rana. Na san da wuya a janye ango da amarya daga cikin baƙinsu a daidai lokacin da hira ta yi daɗi, shi ya sa nake so ku san dalilin nacina. Idan rana na tsaka, haskenta daga bisa yake dirowa, ya cika kwarmin ido da duhu, ya ajiye inuwa ƙarƙashin hanci da haɓa, kowa kuma yana yamutsa fuska. Idan ta yi ƙasa, hasken yakan ratsa iska mai nisa kafin ya iso gare mu, yawancin shuɗin da ke cikinsa ya watse a hanya, abin da ya rage ya zo daga gefe, ja-ja, mai taushi. A ma'aunin launin haske da muke aiki da shi, hasken tsakar rana yana wajen Kelvin 5,500, na dab da faɗuwa kuwa yakan sauko kusan 3,000. Hoton nan da kuka fi so, wanda rana ta zana gefen mayafin amarya kuna tafe a bakin gona, daga wannan sa'ar ya fito. Babbar ƙawar amarya, ke kika riƙe agogo, kika fito da su a kan lokaci ba tare da wani baƙo ya ji an yi masa rowar su ba. Na gode, 'yar'uwa.

Baba, mahaifin amarya, Allah ya ƙara girma. Kun buɗe mana gida alhali ba ku taɓa ganinmu ba, kuka ce wa yara su nuna mana duk inda muke buƙata, kuka kuma faɗa mana sarai inda ba a so mu shiga. Wannan iyaka da kuka shata ta taimake mu fiye da yadda kuke zato, domin mai hoto da bai san iyakarsa ba a gidan mutane a ɗarare yake wuni. Mama, da na roƙi a kashe ƙwan lantarkin ɗakin da ake shirya amarya, na ga kin yi mamaki, amma kika sa aka kashe. Hasken ƙwan rawaya ne, wanda ke shigowa ta taga kuma fari, in suka gauraya a fuska ɗaya babu gyaran da zai daidaita su. Da tagar nan kaɗai aka ɗauki hotonki kina gyara mata ɗan kunne, kuma a wurina yana cikin mafi kyawun abin da na ɗauka a ranar. Kaka, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Kin zauna a bakin ƙofa kina amsa gaisuwa, ban ce ki motsa ba, ba ki kuma kula da ni ba, haka nake so.

Akwai dattijon da ya ɗaga mini hannu ya ce shi kam a bar shi. Na sauke kyamara, kuma ba ya cikin ko hoto ɗaya da na miƙa. Ranka ya daɗe, na gode da ka faɗa mini a fili maimakon ka bar shi a ciki.

Yanzu sai ƙanena a sana'a, wanda ya wuni riƙe da faifan maido haske hannunsa a sama. Ba wanda zai ga fuskarka a kundin, amma aikinka yana kan kowace fuska da ke ciki, kuma ina so jama'a su fahimci abin da kake yi a tsaye a gefe. Ma'aunin haske da ke cikin kyamara bai san ango ba, bai san amarya ba. Duk abin da aka nuna masa, ƙoƙarinsa ya mayar da shi toka-toka matsakaici, irin launin katin nan da ke maido kashi 18 cikin ɗari na hasken da ya faɗa masa. To, ka tsayar da mutum baƙar fata cikin fararen kaya a fili: farin ya cika wa kyamara ido, ta rage haske, fuska ta nutse cikin duhu. In ka buɗe don fuska ta fito, sai farin ya ƙone, duk aikin zaren da aka yi wa rigar ya ɓace. Matsalar tsohuwa ce a sana'ar nan. Tun shekarun 1950, katin da kamfanin Kodak yake ba masu wanke hoto su daidaita launi da shi hoton mace farar fata ne a jiki, kuma sai a tsakiyar shekarun 1990 ya fitar da kati mai ɗauke da mata masu launin fata daban-daban. Kyamarorin yau sun yi nisa, amma har yanzu maganin da na fi yarda da shi shi ne a auna haske a kan farin tufa, sannan a ƙara wa fuska nata hasken daban. Ƙarin nan kai ne. Ka bi rana tana juyawa, ka karkata faifai ba tare da ka kashe wa kowa ido ba, iska na fizgar sa kana riƙewa. Allah ya sa in ga ranar da kai ma za ka ja naka aikin.

Hoton dangi gaba ɗaya shi ne wurin da biki mai sauƙi yakan rikice, a yi ta kiran wane ana neman wance, rana na dukan tsofaffi. A nan ba a yi haka ba, saboda Gwaggo. Gwaggon ango ta san kowa ta ɓangarorin biyu, ta karɓi takardar sunaye daga hannuna, ta riƙa tara rukuni na gaba tun ina kan na farko. Ita ta sa aka fara da tsofaffi da masu goyo don su koma su zauna. Da farko kowa ya nufi gindin babbar bishiya, na roƙi a koma inuwar dogon bango, domin hasken da ke tsiyayowa ta tsakanin ganye yakan yi wa fuskoki dabbare-dabbare. Gwaggo ta juya su da kalma biyu. Ni nawa kawai in tsuke ƙofar gilashi zuwa f/8 don na gaba da na baya su fito tangaram, in danna sau da yawa, tunda a taro irin wannan ba a rasa mai ƙifta ido. Gwaggo, Allah ya saka da alheri.

Maƙwabci mai gona, Malam, kai ma kana da kaso babba. Ka ba mu izinin shiga, ka nuna mana inda za mu taka don kada mu ɓata shuka. Sannan ka faɗa mini abin da manhajar wayata ba ta sani ba: ita lissafinta rana ta faɗi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, kai kuwa ka san tudun da ke yamma da gonar yakan haɗiye ta tun kafin lokacin. Da maganarka muka matso da fitar ango da amarya, muka kuma samu hasken duka. Garken da ya gifta bayansu, ƙura ta tashi rana ta haska ta, ba shiri ba ne, amma makiyayin ya ga muna aiki ya ɗan sassauta tafiya. Ban samu na gaishe shi ba, ina roƙon a isar masa.

Ƙurar nan da ta ƙawata hoto ita ce kuma abokiyar gabar kayan aiki. Shi ya sa na rataya kyamara biyu, ɗaya da gilashi mai milimita 35, ɗaya da dogo, don kada in buɗe cikin kyamara a fili ƙura ta sauka a kan farantin da ke kama hoto. Na gode wa matar gidan da ta ba mu ɗaki mai kulle muka ajiye jakunkuna, da direbanmu da ya riƙa cajin batura a mota duk wunin.

Baƙi, na ga abin da kuka yi lokacin ɗaurin aure. Da ƙanen ango ya roƙi a sauke wayoyi na ɗan lokaci, kuka sauke. Ba ni da ja da mai ɗaukar hoto da wayarsa, kowa na son nasa abin tunawa. Amma a wannan ɗan taƙin, hannu ɗaya da ya miƙe da waya yakan rufe fuskar uba ko ta uwa, kuma lokacin ba ya dawowa. Ni ma na mayar da kyamarata kan ɗauka marar ƙara, don kada ƙas-ƙas ɗinta ya shiga cikin addu'a. Yaran da suka bi ni wuni guda suna leƙen bayan kyamara, na gode muku. Da na durƙusa daidai tsayinku ne na ga bikin ta inda manya ba sa gani.

Dare a fili yana da wuya. A cikin ɗaki mukan harba filasha sama, rufi ya maido da hasken a tausashe. A waje babu rufi, in kuma ka harba ta kai tsaye sai fuskoki su yi ƙyalli, bayansu ya yi baƙi ƙirin. Saurayin da ya ja wayar ƙwayayen lantarki ya yarda ya sauko da su ƙasa kaɗan, ya kuma cire farare biyun da suka bambanta da sauran. Da wannan na ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, zuwa 6,400, na buɗe ƙofar gilashi sosai zuwa f/1.8, na ɗauki daren da haskensa. Za ku ga ɗan tsaki-tsaki a hotunan dare. Na bar shi da gangan, don in aka goge shi duka fata takan koma sumul kamar ba ta mutum ba.

A kan maganar fata, amarya, ina da godiya ta musamman. Kin ce kada a ƙara miki fari, kada a rage miki komai. Na daɗe ina jin ciwon yadda ake wanke launin mutane a kwamfuta har uwa ta kasa gane 'yarta a hoton aurenta, kuma da kika faɗi haka na ji sanyi a raina. Abokiyar aikina mai gyara ta riƙe wannan amana. Mun ɗauki komai ɗanye, a tsarin RAW, wanda a kyamarorin da ke rubuta bit 14 yake ajiye matakan haske 16,384 a kowane launi, alhali JPEG, tsarin hoto na yau da kullum, 256 kawai yake riƙewa. Da wannan yalwar ta dawo da zaren farar riga, ta buɗe inuwar da ta yi nauyi, ta bar kowa da launin da Allah ya ba shi. Ta yi dare da yawa a gaban allo, ido na yaji. Na gode, Allah ya ƙara basira.

Ango, ga amanar da ta koma hannunka. Tun a ranar, kowane hoto a katin memori biyu ya sauka lokaci guda, yanzu kuma akwai kwafi uku: biyu a na'urori daban-daban, ɗaya a ma'ajiyar intanet. Kai ma ka yi haka da naka, kada ka bar su a waya kaɗai. Ku zaɓi waɗanda kuka fi so a wanke su a takarda, musamman na Kaka da na iyaye, a kai musu su riƙe a hannu. 'Yan'uwa da abokai kuma, ina roƙon kafin ku ɗora wani hoto a Facebook ko Instagram ku tambayi masu shi, balle wanda akwai yara a ciki. Duk wanda ya ga kansa a wanda na wallafa bai so ba, ya yi mini magana, zan sauke nan take.

Wanda na tsallake bai ji an ambace shi ba, ya yafe mini, alherinsa yana raina. Allah ya ba ango da amarya zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya saka wa iyaye da mafificin alheri, ya ba kowa ladan zumuncin da ya yi. Amin.