A ga likitan haƙori kafin a fara gashin sankarar kai da wuya

Wanda aka rubuta wa gashin haske (wato radiotherapy, kashe ƙwayoyin sankara da haske mai ƙarfi na na'ura) saboda sankarar baki, harshe ko maƙogwaro, ya fara zuwa wurin likitan haƙori tun kafin a auna masa abin rufe fuskar da ake kwantar da shi a ciki lokacin gashin. Gashin yakan ɗauki mako 6 zuwa 7, kwana biyar a mako, kuma hasken ba ya ƙyale abin da ke kan hanyarsa. Yana ƙona ƙullutun da ke samar da yawu, baki ya bushe ƙayau, haƙora su fara ruɓewa daga gindi, daidai inda suka haɗu da dasashi.

Babban abin tsoro shi ne ƙashin muƙamuƙi, musamman na ƙasa. Hasken yana tsuke ƙananan jijiyoyin jinin da ke ciyar da shi. Idan aka cire haƙori bayan gashi, ramin yana iya ƙin rufewa, ƙashi ya fito fili fari, yana wari yana fitar da mugunya. Wannan haɗarin ba ya gushewa ko bayan shekaru.

Shi ya sa ake ɗaukar hoton haƙora gaba ɗaya a yanke shawara da wuri. Haƙorin da ke girgiɗi, guntun saiwa, turmin da kogonsa ya kai ga jijiya, idan suna cikin wurin da hasken zai fi bugawa, gara a fitar da su. Mai ƙaramin kogo a cike shi, a kankare dattin da ya daskare. Lafiyayyen haƙori kuwa a bar shi, don mara lafiya yana buƙatar tauna abinci. A ba ramin aƙalla mako biyu ya warke, amma kada gyaran haƙori ya jawo jinkirin gashin da yawa, sankara ba ta jira.

Sauran aikin na gida ne: buroshi mai laushi maimakon asuwaki mai tauri, man fuloraid mai ƙarfi da likita zai rubuta a riƙa amfani da shi kullum, kurkure baki da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, barin sigari, alewa da lemon kwalba. A riƙa buɗe baki ana rufewa sau da dama a rana don kada muƙamuƙi ya ƙage.

Don Allah, idan haƙori ya yi ciwo bayan gashi, kada a kai shi wurin masu cirewa a kasuwa. A koma asibiti, a faɗa wa likita an taɓa yin gashi a wurin.