Darussan aikin tace molibdenam-99 daga yuraniyam

Duk mai koyon wannan aiki, agogo ne malaminsa na farko. Rabin ƙarfin molibdenam-99 yana tafiya cikin awa 66, wato kusan kashi 1 cikin 100 a kowace awa. Shi ne ke haifar da teknetiyam-99m, wanda asibitoci ke yi wa majiyyaci allurarsa don ɗaukar hoton ƙashi, zuciya da ƙoda. Ba a tara molibdenam a sito, shi ya sa duniya ta shiga ƙarancinsa lokacin da NRU, tukunyar nukiliya ta Kanada da ke samar da shi, ta tsaya a 2009.

Ana saka faranti na yuraniyam gauraye da alminiyam a tukunyar nukiliya, irin BR2 ta Beljiyam ko SAFARI-1 ta Afirka ta Kudu, kwana 5 zuwa 7. Kusan kashi 6 cikin 100 na ƙwayoyin yuraniyam-235 da suka tsage ne ke ba da molibdenam-99. Sauran tarkace ne masu tiririn nukiliya, kuma raba shi da su ne ainihin aikin. A ɗaki mai bangon kankare da dalma ake yi, da hannayen ƙarfe, ana leƙawa ta gilashi mai kauri.

Matakin narkarwa ya fi kowanne tasiri. Yawancin masana'antu da ruwan soda mai ƙuna suke narkar da farantin. Hikimar ita ce alminiyam da molibdenam suna bin ruwa, yuraniyam da akasarin tarkacen kuwa su kwanta, a tace su. Amma aidin-131 ma ruwa yake bi, iskar zenon-133 kuma ta tashi sama. Zenon ana tsare shi a tankuna ko a gawayi har ƙarfinsa ya ragu. Aidin ya fi wuyar sha'ani, domin da ruwan ya koma tsami sai ya zama tururi. A Agustan 2008 aidin-131 ya fita ta bututun hayaƙin masana'antar Fleurus a Beljiyam bayan an haɗa ruwan shara a tanki ɗaya. Tankin shara ma wurin haɗuwar sinadarai ne, ba juji ba.

Daga nan ruwan yana ratsa bututai masu riƙe molibdenam, a wanke, a sako shi, a maimaita don korar aidin da ruteniyam-103. Sabon shiga kan so ƙara mataki don ƙarin tsafta. Kowane mataki kuwa yana cin awanni, kuma wani abu yana maƙalewa a bututu. A ganina tsaftar da ta wuce ƙa'ida asara ce kawai.

A ƙarshe ana ɗora molibdenam a kan garin alumina, wani sinadarin alminiyam, cikin ƙaramar na'ura mai rigar dalma, a kai asibiti. Can ake tatsarta da ruwan gishiri na kashi 0.9, teknetiyam ya fito, molibdenam ya zauna. Bayan tatsa sai kusan awa 23 teknetiyam ke sake kai ƙololuwa, don haka kowace safiya ake yi.

Gwaji biyu a kan ruwan da aka tatso ba a tsallake su. Alminiyam kada ya wuce maikrogiram 10 a mililita, in ya wuce yakan ɓata haɗin maganin, hoto ya nuna abin da babu. Na biyu, ɓullar molibdenam: ana saka kwalbar ruwan a gwangwanin dalma mai kaurin milimita 6, wanda ke tare hasken teknetiyam mai 140 keV (ma'aunin ƙarfin hasken), na molibdenam mai kimanin 740 keV ya ratsa a auna shi. Ƙa'idar Amurka ita ce kada molibdenam ya wuce 0.15 kBq a kowane MBq na teknetiyam (ma'aunan tiriri ne, MBq ɗaya kBq dubu ne), kuma a lokacin allura ake nufi, ba lokacin tatsa ba. Nan ake yawan tuntuɓe. Teknetiyam yana rabuwa da rabin ƙarfinsa cikin awa 6, molibdenam kuwa da ƙyar ya motsa, saboda haka kason molibdenam a kan teknetiyam yana kusan ninkawa duk awa 6 da rabi. Kwalbar da ta nuna 0.05 da ƙarfe 7 na safe za ta haye iyaka tun kafin magariba.