Gashin harshe ga mai wankin ƙoda

Lokacin da aka tabbatar wa kawuna cewa gyambon da ya ƙi warkewa a gefen harshensa ciwon daji ne, ya riga ya shekara huɗu yana zuwa wankin ƙoda sau uku a mako, awa huɗu a kowane zama. Fargabarmu ta farko ita ce ko jikin da ƙodarsa ta tsaya zai iya ɗaukar gashi, wato ƙona ciwon dajin da hasken na'ura.

Ashe ba a nan gizo yake saƙar ba. Hasken na'urar gashi a harshe da wuya ake saita shi, ba ya bi ta ƙoda. Abin da aka janye masa shi ne cisplatin, maganin da aka saba haɗawa da gashi, domin ƙoda ce take fitar da shi daga jiki. Gashin kuwa kwana biyar ne a mako har makonni bakwai, kuma tsallake rana yana bai wa ciwon damar farfaɗowa, don haka ranakun Litinin, Laraba da Juma'a sai ya kwanta a ƙarƙashin na'urar gashi da safe, a jona shi a ta wankin ƙoda da yamma.

Abin da ban zata ba shi ne ƙishirwa. Daga mako na uku bakinsa ya cika da gyambo, yawu ya ƙafe, ɗanɗano ya ɓace. Sauran masu gashi ana ce musu su yawaita shan ruwa da madara, shi kuwa ruwansa na yini bai kai lita ɗaya ba, madara da ayaba kuma an taƙaita masa su saboda sinadaran da ƙoda ba ta iya tacewa. Heparin ɗin da ake sawa a wankin don hana jini daskarewa shi ma yana sa gyambon zubar jini. A ganina babban nauyin yana kan likitocin ɓangarorin biyu su riƙa magana da juna, maimakon a bar majinyaci da ɗan rakiyarsa suna jigilar saƙo tsakaninsu.

Wata ma'aikaciyar jinya ce ta koya mana dabarar ƙanƙara. Muna auna ruwansa na yini, mu daskarar da wani kaso ƙanana ƙanana, yana tsotsa ɗaya bayan ɗaya. Ranar da na ce masa, "Kawu, saura uku," sai ya ɗaga yatsu biyu, alamar in ajiye masa biyu saboda dare.