Wagon mai kwanciya a kwana: yadda muke gyaran ƙafarta

Aikin garejinmu ƙafar mota ne kawai. Ba ma buɗe inji, ba ma taɓa giya, wayarin kuwa ko kallonsa ba ma yi. Shokazoba, sifirin, bushin, bol-join, tayarod, sitabilaiza da alaimen, nan muka tsaya, ni da yaran da ke aiki a hannuna. Cikin masu kawo mana mota, masu wagon ne suka fi zuwa da kuka iri ɗaya, wato mota na kwanciya a kwana. Wani ya ce in ya shiga shataletale sai ya ji kamar za ta kife, wani ya ce jiri ke ɗibar yaransa a kujerar baya. Wani kuma ya riga ya gama bincikensa a intanet, ya zo da sunan sandar sitabilaiza, ƙarfen nan da ke rage kwanciyar mota, da yake so a ɗaura masa har da kaurinta. Wannan shi ya fi ba ni aiki, don sai na lallaɓa shi ya ajiye abin da ya ƙudurta tukuna kafin mu taɓa motar.

Dalilin kwanciyar ba ɓoyayye ba ne. Nauyin mota yana da cibiya, cibiyar kuma tana sama da inda ƙafafu ke riƙe da bodi. In aka karya kwana, tayoyi na bin hanya, bodi kuwa so yake ya miƙe, sai ya danne sifirin ɗin gefen waje, na ciki ya saki. Wagon ta fi 'yar'uwarta salun fama da wannan, domin rufinta ya zarce har ƙarshe, ga ƙarin gilasai, ga ƙofar but mai nauyi, duk a sama kuma a baya. Babbar matsalar ma ita ce ba da nauyi ɗaya take yawo ba. Yau direba ne shi kaɗai, bayanta fayau. Gobe mutum biyar ne, but cike har rufi, ga kaya a kariyar kan rufi. Bambancin kan kai kilo 400 ko 500, akasarinsa kuma a kan tayoyin baya yake sauka. Duk abin da zan ɗaura mata, sai na tabbata zai yi daidai a ranakun nan biyu.

Masu ƙera motoci sun daɗe da sanin haka, kowa da dabararsa. Peugeot 504 da ta fito a 1968, yawancin salun ɗinta kowace tayar baya da nata motsin, amma da aka zo yin wagon sai aka ba ta aksil guda miƙaƙƙe da sifirin huɗu, biyu a kowane gefe. Mercedes, tun daga wagon ɗin W123 ta 1978, ta sa wa baya famfon mai da ke ɗaga shi in an yi lodi. Volvo kuma ta sa shokazobar Nivomat a wagon da dama, wadda motsin hanya ke hura ta har baya ya koma tsayinsa. Sanin wannan yana da amfani kafin a yi odar kaya. Motar da ta zo da Nivomat sifirin ɗinta na baya mai laushi ne, saboda shokazobar na ɗaukar wani kaso na nauyin. In wani ya cire ta ya sa ta gama-gari don ta fi araha, ya bar sifirin ɗin yadda yake, baya zai zauna, motar ta riƙa rangaji. Irin waɗannan suna zuwa mana, mai motar na neman sanda mai kauri alhali sifirin ne bai dace da shokazobar da ke jikinta ba.

Shi ya sa kafin maganar sayen komai, awo muke fara yi. Tun mota na ƙasa nake sa yaro ya ɗauko tef ya auna daga tsakiyar wili zuwa bakin bodi a kusurwa huɗu. In baya ya zauna, ko hagu ya bambanta da dama da santimita biyu, to sifirin ya gaji ko ya karye, kuma sau da yawa zagayen ƙarshe ne ke karyewa ya ɓuya a mazauninsa cikin laka. Daga nan sai kan rami, fitila a hannun hagu, liba a dama. Inda sandar sitabilaiza ta ratsa bushin nake fara haskawa. In robar ta cinye, za ka ga ƙarfen ya goge a wurin yana sheƙi, ga garin tsatsa ja-ja a gefe, ka sa liba ka banƙara ka ji ƙwas. Sai linki, ɗan ƙarfen nan da ke haɗa bakin sandar da ƙafa. In na same shi a tsinke, ba na bayani daga nesa, mai motar nake kira ya sauko.

"Alhaji, kama nan da hannunka."

Ya kama, ya ji abu na reto.

"Wai ɗan wannan abin ne ya hana ni sakat?"

"Shi ne, ranka ya daɗe. Muddin ya tsinke ko a gefe ɗaya ne, sandar nan ado ce kawai, ba ta riƙe komai."

Motoci da yawa a nan aikinsu ke ƙarewa. Linki biyu, bushin biyu, wataƙila da shokazobar baya, sai mutum ya ce ai ya manta haka motarsa take tun asali. Ribar irin wannan aiki ba ta taka kara ta karya ba, amma ba zan ɗora sabuwar sanda a kan mushen ƙafa ba.

Wanda ƙafarsa ke lafiya kuma har yanzu yake son ƙari, shi muke zama da shi a kan sitabilaiza. Sanda ce ta ƙarfen sifirin, an lanƙwasa bakinta biyu, tsakiyarta na ɗaure a jikin mota, bakunan na haɗe da ƙafar hagu da ta dama. In tayoyin biyu suka hau tudu tare, juyawa kawai take yi a cikin bushin, ba ruwanta. In ɗaya ta hau ɗaya ta sauka, kamar yadda ke faruwa a kwana, dole ta murɗu, kuma gardamar da take yi wa murɗuwar ita ke riƙe bodi. Kyanta ke nan, tana rage kwanciya ba tare da ta ɓata laushin mota a miƙaƙƙiyar hanya sosai ba. Na ce sosai, domin in taya ɗaya ta faɗa rami, sanda mai kauri za ta aika da girgizar ɗaya gefen, a ji kai na kaɗawa hagu da dama.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne lissafin kauri. Taurin sandar yana tafiya ne da kaurinta in an ninka shi a kansa sau huɗu. Daga milimita 20 zuwa 22, da ƙyar ido zai ga bambanci, amma tauri ya ƙaru da kusan kashi 46 cikin ɗari. Daga 20 zuwa 24 kuwa ya ninka biyu har da ɗoriya. Wanda ya ce a ƙara masa milimita huɗu kawai bai san girman abin da ya nema ba. Akwai kuma sanda mai rami a ciki, wadda kaurinta na waje bai isa a yi mata hukunci da shi ba. Ni na fi son mai huji biyu ko uku a baki, domin in aka matsar da linki zuwa hujin ciki, hannun sandar ya gajarce, tauri ya ƙaru, in ya yi yawa a mayar ba tare da an sayi komai ba.

Sai tambayar da ta fi kowace nauyi, gaba za a taurara ko baya? Ƙa'idar ita ce, ɓangaren da ka fi taurarawa shi ke fara sakin hanya, saboda shi ke kwasar kaso mafi yawa na nauyin da ke komawa tayar waje. Ka cika taurin gaba, mota ta ƙi jin sitiyari, ta miƙe da kai a kwana. Ka cika na baya, bayan ya kwashe ya nemi wuce gaba. Kamfanoni da gangan suke barin mota ta ɗan fi karkata ga na farkon, domin direba in ya tsorata ɗaga ƙafa yake daga totur, hakan kuma na dawo da kan motar hanya. A na biyun, ɗaga ƙafar ne ma ke ƙarasa juya ta. Masu wagon mai jan gaba sun fi son sandar baya mai kauri, kuma gaskiya motar kan yi daɗin sitiyari da ita a busasshiyar hanya. Ni kuwa ranar ruwan sama nake tunawa, but ba kaya, ko kuma ranar da matar gidan ko ɗan da bai daɗe da koyon tuƙi ba zai ja ta. Don haka mataki ɗaya muke hawa, kuma in da hali gaba da baya tare, daga kamfani ɗaya da ya auna su a matsayin saiti. Wagon irin Golf ta uku da ta huɗu masu jan gaba, ƙarfen da ya haɗa tayoyin bayansu shi da kansa murɗuwa yake yi, yana aikin sitabilaiza. Ba a yi masa walda don a ƙara masa ƙarfi, ba a kuma kafa jak a tsakiyarsa.

Akwai gaskiyar da masu mota ba sa son ji. Rage kwanciya ba ya rage yawan nauyin da ke komawa tayoyin waje, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Wannan nauyin ya dogara ne da nauyin motar, tsayin cibiyarta, faɗin da ke tsakanin tayar hagu da ta dama, da gudun da aka shiga kwana da shi. Abin da ake samu shi ne taya ta fi zama daram a kan kwalta, sitiyari ya fi saurin amsawa, fasinja ya huta. Abin da ake rasawa kuma gargaɗi ne, don kwanciyar nan ita ke gaya wa direba ya rage. A 1997 ƙaramar Mercedes A-Class ta kife a gwajin kauce wa dabba da mujallar Teknikens Värld ta Suwidin ta yi, kuma da kamfanin ya tashi gyara bai tsaya kan ƙarfe ɗaya ba. Ya sauke tsayin motar, ya taurara ƙafa, ya canza taya, ya kuma sa na'urar ESP mai taka birkin taya ɗaya-ɗaya in mota ta fara zamewa. Nakan ba da wannan labarin ga mai zaton sanda guda za ta mayar masa da wagon motar tsere.

Shokazoba ba ta hana mota kwanciya a doguwar kwana, saurin kwanciyar take tsarewa. Amma yawancin abin da direba ke kira rangaji, wato mota ta faɗa gefe farat ɗaya ta dawo ta sake komawa, aikinta ne. Mai kyau daga Bilstein, Koni, Sachs ko KYB takan canza halin wagon fiye da yadda ake zato. Bibbiyu muke canza su, hagu da dama, ko da ɗaya ce ke yoyo.

Sauke mota ƙasa kuwa ina ɗari-ɗari da shi a wagon. Gajeren sifirin irin na Eibach ko H&R yakan sauke ta kamar milimita 30, ta yi kyau a ido, amma tazarar da ƙafar baya ke da ita kafin ta daki robar tsayawa ta ragu, kuma tazarar nan ce ake buƙata ranar lodi. A ƙafar gaba irin ta MacPherson, wadda shokazoba da sifirin ke haɗe wuri ɗaya, in saukewar ta yi yawa, hannun ƙasa kan karkace ta yadda bodi ke ƙara samun ƙarfin kwantar da motar, sai taurin sifirin ya ɓoye abin. Tsofaffin wagon da dama kuma suna da bawul a baya da ke auna zaman mota ya raba ƙarfin birki. Ka sauke ta ba ka saita shi ba, ya ɗauka lodi ne, ya tura wa tayoyin baya birki fiye da kima su kulle. Masu cewa a yanke musu zagaye ɗaya na sifirin, ko a gasa shi da wutar walda ya zauna, haƙuri nake ba su. Wuta na kashe ƙarfen, yankakke kuma ba ya zama daidai a mazauninsa, gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Wajen ɗauri, abin da na fi sa wa yara ido a kai shi ne kada a ƙarasa ɗaure notin bushin ɗin roba mota na rataye a jak. Sai ta sauka a kan tayoyinta, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri. Bushin ɗin roba mai tauri da ke zuwa da sababbin sanduna yana son giris ɗinsa na musamman, in an yi masa rowa zai riƙa kuka a kowane tudu. Muna duba kunnuwan da sandar ke ɗaure a kansu, don mai kauri takan tsaga ƙarfen da tsatsa ta ci. In an taɓa sifirin ko shokazobar gaba, alaimen dole ne.

Iskar taya da kariya ba sa cin ko sisi, amma sai na yi ta nanatawa. Takardar da ke manne a jikin ƙofar direba ko murfin tanki awo biyu take bayarwa, na mota ba kaya da na cikakken lodi, kuma na bayan yakan ɗara sosai. Kariya kuwa yawancin motocin da muke gani kilo 75 zuwa 100 aka yarje mata, har da nauyin ita kanta. Kaya masu nauyi a ƙasan but ake sa su, a jingine da kujerar baya, marasa nauyi su hau sama.

Gwaji sau biyu muke yi a fili mara cunkoso, farko ba kaya, sannan mu jera buhunan yashi a but da kujerar baya mu sake zagayawa. In baya ya nuna alamar rawa da aka ɗaga ƙafa a tsakiyar kwana, linki na komawa hujin waje nan take, ko da mai motar ya fi son yadda take a da. A takardar aiki muna rubuta kaurin tsohuwar sanda da na sabuwa, hujin da aka ɗaura, awon kusurwa huɗu da iskar taya, mu ce ya dawo bayan mako biyu a sake bin notuna. Tsohuwar sandar kuma a but muke saka masa, da bushin ɗinta a ɗaure a jiki, ko zai so a mayar.