vetoableChange tambayarka yake, ba labari yake ba ka ba

Akwai wani abu a Java, yaren rubuta manhaja, mai suna VetoableChangeListener, da nake ganin masu koyon rubuta manhaja suna tsallake shi, alhali tun 1997 yake nan, lokacin da Sun Microsystems ta sako kunshin java.beans cikin JDK 1.1, wato kayan aikin rubuta Java. Kusan kowa ya san PropertyChangeListener, ka yi rajista, duk sanda wani abu ya canza a sanar da kai. To amma shi wannan sai aikin gama ya gama ake gaya maka. VetoableChangeListener kuwa kafin a taɓa komai ake zuwa a ji ta bakinka, in ba ka yarda ba ka jefa PropertyVetoException, wato exception (sanarwar matsala) mai nuna ka ƙi, shikenan canjin ya fasa.

Ku duba JInternalFrame, ƙaramar windo a cikin babba, na Swing, kayan gina windo a Java, setClosed da setIcon da setMaximum duk suna iya jefo wannan exception ɗin. Mutum ya yi ta rubutu bai adana ba sai ya danna alamar rufewa, kai kuma kana can kana saurare, ka duba getPropertyName ka ga "closed" ne, getNewValue kuma true, sai ka hana, windo ta tsaya cak aikinsa bai salwanta ba. Wallahi tsarin yana burge ni.

Amma ga inda nake so a kula sosai. In an kira vetoableChange ɗinka, wato method ɗin da ake tambayarka ta cikinsa, kada ka ɗauka canjin ya tabbata! Ba kai kaɗai ake tambaya ba, kana iya cewa to, na bayanka ya ce a'a. In ka riga ka rubuta a fayil ko ka sauya abin da ke kan sikirin fa? Ka bar manhaja da bayani biyu masu karo da juna. Shi VetoableChangeSupport, mai zagayawa yana tambayar masu saurare, in wani ya ƙi, yakan koma kan waɗanda ya riga ya tambaya da wani saƙon, tsohon abu da sabo sun yi musanyar wuri, wato a koma yadda ake, kuma a wannan zagayen ko ka ƙi ba mai saurarenka. Don haka a nan dubawa kawai za ka yi, ainihin aikin ka kai shi propertyChange na PropertyChangeListener.

Kai ma mai rubuta setter ɗin, wato method mai saka sabon abu irin su setClosed, jerin yana da muhimmanci: fireVetoableChange tukuna, in ba wanda ya ƙi ka saka sabon, sannan firePropertyChange. Kar kuma ka kama exception ɗin ka haɗiye shiru, saka masa saƙo mai ma'ana ka bar shi ya isa ga wanda ya kira, ya san dalilin da aka hana shi.

Af, in tsohon da sabon iri ɗaya ne kuma ba null ba, ba a tambayar kowa, don haka kar ka zauna jiran kiran da ba zai zo ba.