Hammata ta zauna daidai, bayan na ɗaura zare a katako

'Yan uwa masu zane, yau dai farin ciki ya hana ni zama. Ƙirjin namiji da hannu a ɗage, wanda ya daɗe yana ba ni ciwon kai, ya fito yadda nake so, har na tsaya ina kallon takardar ina murmushi ni kaɗai.

Tsakiyar ƙirji ba ta da wata wahala, kowa a nan ya wuce wurin. Inda gizo ke saƙar shi ne gefe, wurin da babbar tsokar ƙirji take tattaruwa ta shige ƙarƙashin tsokar kafaɗa ta kama ƙashin damtse. In hannu na ƙasa, inuwa tana rufa wa mai zane asiri. Da zarar an ɗaga shi, komai ya fito fili. Hoton da nake aiki da shi na wani ɗan dambe ne, ya miƙa hannun kariya gaba, ɗaya hannun da aka ɗaure da kara kuma ya ja shi baya. Gefe guda tsokar ta dunƙule, ɗaya gefen ta miƙe tsaf. Hoton ƙarami ne, ga ƙura ga hasken rana, layukan hammata ba sa fitowa. Na goge wurin har takarda ta fara yin gashi, ga littafin zanen nan da na saya da tsadar da har yanzu in na tuna sai raina ya sosu. Ƙwarangwal na roba kuwa, da na ji kuɗinsa ko tayawa ban yi ba.

Abin da ya warware min shi ne zanen Leonardo da Vinci, shahararren mai zanen nan ɗan Italiya, na wajen shekarar 1510, inda ya mayar da tsokokin kafaɗa da ƙirji siraran igiyoyi domin a ga daga ina kowacce ta taso, ina kuma ta je. Sai na ce bari in yi nawa da hannu. Na samo guntun katako a wurin kafinta, na zana ƙashin wuya da ƙashin tsakiyar ƙirji da haƙarƙari a kai, na bubbuga ƙananan ƙusoshi. Ƙashin damtse kuma wata sanda ce da na kafe kanta da ƙusa guda don ta riƙa juyawa. Sai zaren saƙa kala uku.

Ja shi ne kashin sama, wanda ke tasowa daga rabin ƙashin wuya na wajen ciki. Baƙi shi ne na tsakiya, mafi girma, daga ƙashin tsakiyar ƙirji da guringuntsin haƙarƙari shida na sama. Fari shi ne ɗan kashin ƙasa da ke fitowa daga shimfiɗar da ta lulluɓe tsokar ciki. Dukkansu wuri ɗaya suka nufa: gefen waje na ɗan kwarin da ke jikin ƙashin damtse, inda jijiyar ƙwanji take bi. Faɗin wurin kamun bai wuce kimanin santimita 5 ba.

To ga sirrin. Ba a jere suke isa ba. Jan zaren, da ya taso daga can sama, gangarowa yake yi ya bi ta gaba ya kama ƙasa. Farin, da ya taso daga ƙasa, hawa yake yi, ya lanƙwasa ta bayan sauran ya kama sama. Wato na ƙasa ya koma sama, na sama ya dawo ƙasa, kamar dai ka murɗa wankakken zane za ka matse ruwa. Wannan murɗin ne ke ba bakin hammata na gaba kaurinsa da zagayensa. Shi ya sa in ka ja layi guda miƙaƙƙe daga ƙasan ƙirji zuwa damtse, sai ya fito a shafe, babu nama a ciki.

Da na ɗaga sandar a hankali, wallahi sai da na yi kabbara. Murɗin ya fara warwarewa a gabana, zaren suka miƙe suka jeru, kusurwar ƙirjin ta ja sama ta sirance. Na sauke, suka sake haɗewa. Na yi ta ɗagawa ina saukewa har ƙanena ya leƙo ya tambaye ni ko lafiya.

Daga nan sauran abubuwa suka faɗo wurinsu da kansu. Ƙwanji daga ƙarƙashin tsokar ƙirji yake fitowa, don haka layin ƙirji ne ke hawa kansa, tsokar kafaɗa kuma ta hau kan su biyun. Tsakanin ƙirji da kafaɗa akwai siririn kwari da wata jijiyar jini ke bi, yana buɗewa ya zama ɗan rami a ƙarƙashin ƙashin wuya. Ɗigon inuwa kaɗan a wurin ya isa, in ka cika shi mutum ya zama kamar ya yi jinya. Kan nono ma ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana bin fata sama in an ɗaga hannu.

Ƙaramar tsokar ƙirji, mai tasowa daga haƙarƙari na 3 zuwa na 5, ban ɗaura mata zare ba. A ɓoye take ƙarƙashin babbar, a ganina ɓata lokaci ne ga mai fensir.

Wadda ta rage min yanzu ita ce mai haƙoran zarton nan ta gefen haƙarƙari, seratus, wurin da take sarƙewa da tsokar gefen ciki. A jikin ɗan damben uku kawai nake iya ƙirgawa, kuma duk yadda na jera su sai su yi kama da haƙarƙarin kansa. Wanda ya taɓa yin ta da gawayi ya nuna min ta inda yake fara sa inuwa.